Gidan Wasan Benis Da Matar Da Aka Hana Sa Tufafin Zamaninta

A wannan wata za mu ɗan yi nisan zango da ku, mu tsallake teku zuwa ƙasar Italiya, mu yada zango a birnin Benis, wato garin nan da aka gina a kan ruwa, wanda ba a shiga cikinsa da mota, sai dai jirgin ruwa ko tafiyar ƙafa. A can akwai wani tsohon gidan wasan kwaikwayo da ake kira La Fenice, akwai kuma wani wasa mai suna La Traviata wanda aka fara nunawa a cikinsa a 1853. Gidan ya ƙone ƙurmus har sau biyu, ana sake gina shi. Wasan kuwa ya sha tsaki da dariya a darensa na farko, amma yau yana cikin waɗanda aka fi nunawa a duniya. Mun san wani zai ce, ina ruwan biri da gada? To, ku dai yi haƙuri ku biyo mu. Abin da ya ja hankalinmu a labarin nan magana ce ta tufafi, wato irin kayan da za a sa wa 'yan wasa, domin a kan wannan 'yar magana aka yi ta ja-in-ja fiye da shekara ɗari da hamsin, kuma in kun ji dalili za ku ga ba ƙaramar magana ba ce.

Bari mu fara da yi wa wanda bai sani ba bayanin irin wasan. Turawa suna ce masa ofera. Wasan kwaikwayo ne, amma daga farko har ƙarshe da waƙa ake magana. Gaisuwa da waƙa, faɗa da waƙa, har wanda ajali ya zo masa da waƙa yake ban kwana. A gaban dandamali akwai wani wuri mai ɗan zurfi inda makaɗa ke zaune, su hamsin ko fiye, da gogen Turawa manya da ƙanana, da sarewa da ƙaho da ganguna, ga jagoransu a tsaye da 'yar sanda yana ba su hannu. Mawaƙi ba shi da lasifika. Da ƙarfin ƙirjinsa zai ɗaga murya ta haye duk wannan kiɗa ta kai ga mutumin da ke zaune can ƙuryar sama. Italiya ce mahaifar wannan sana'a tun wajen 1600, kuma a Benis ne aka fara buɗe gidan ofera na kowa da kowa a 1637, wanda duk mai kuɗin ƙofa zai iya shiga.

Shi La Fenice an buɗe shi a 1792. Ma'anar sunan wani tsuntsu ne na almarar mutanen da, wanda aka ce in ya tsufa sai ya ƙone, sa'an nan ya sake tasowa daga cikin tokarsa. Masu hannu da shunin da suka gina shi sun taɓa mallakar wani gidan wasa mai suna San Benedetto, gobara ta cinye shi, suka sake ginawa, daga baya shari'a ta raba su da shi. Shi ya sa suka raɗa wa sabon gidansu wannan suna. Ashe sunan zai bi shi. A watan Disamba na 1836 wuta ta tashi daga wani murhun ɗumama ɗaki ta lashe zauren, aka sake gina shi cikin shekara guda, aka buɗe a Disamba na 1837.

Ku riƙe siffar zauren a zuciya, don za ta yi mana amfani nan gaba. An yi shi kamar kofaton doki, dandamali a bakin kofaton, sa'an nan a jikin bango an jera 'yan ɗakuna hawa-hawa, an yi musu ado da ruwan zinariya. A zamanin da muke magana manyan gidajen gari su ke da waɗannan ɗakuna, kuma ba a kashe fitilun zaure in an fara wasa. Saboda haka wanda ke zaune a ɗakinsa yana kallon dandamali da ido ɗaya, ɗayan kuma yana kan ɗakin da ke fuskantarsa. Ana zuwa a ga wasa, ana kuma zuwa a ga wa ya zo da wa, wace ce ta sa sabuwar sarƙa.

Wanda ya tsara kiɗa da waƙar La Traviata shi ne Giuseppe Verdi, wanda aka haifa a 1813 a wani ƙauye kusa da garin Busseto, ya rasu a Milan a 1901. Wasanninsa biyar ne aka fara nunawa a La Fenice, na farko a 1844, na ƙarshe a 1857. Wanda ya rubuta masa baitocin wannan wasa kuwa Francesco Maria Piave ne. Tushen labarin daga Faransa ya fito. An yi wata yarinya 'yar talakawa da ta zo Faris daga ƙauye ba ta da ko sisi, kyanta ya sa attajirai da 'ya'yan sarauta suka yi ta rububinta, ta zama mai zaman kanta da suna Marie Duplessis. Tarin fuka ya kashe ta a 1847 tana da shekara 23, aka yi gwanjon kayan ɗakinta don biyan bashi. Ɗaya daga cikin samarinta, Alexandre Dumas ƙarami, ya rubuta littafi a kanta a 1848, ya mai da shi wasan kwaikwayo da aka nuna a Faris a 1852, lokacin Verdi yana garin. Ku lissafa da kanku. Daga mutuwar yarinyar zuwa daren farko a Benis shekara shida ce kacal. Mazan da suka kashe mata kuɗi da yawansu suna nan da ransu.

Ga yadda labarin yake a wasan. Sunan matar Violetta, tana zaune a Faris, manyan mutane ne ke ɗaukar nauyinta, gidanta kullum cike da baƙi da shagali, ga ciwon ƙirji yana cin ta a ɓoye. Wani saurayi ɗan mutunci daga kudancin Faransa mai suna Alfredo ya faɗa mata yana sonta tsakani da Allah. Da farko ta mai da abin wasa, daga baya ta yarda, ta bar Faris da duk abin da ke cikinta, suka koma wani gida a bayan gari. Wata uku suna can, shi bai ma san da kuɗin wa ake ci ba, sai da baranyarta ta gaya masa uwargijiyarta tana sayar da dawakinta da kekunan dokinta da kayan ɗakinta don su rayu.

Ran nan ya fita neman kuɗi, sai ga mahaifinsa, dattijo Germont, ya yi sallama. Ya zo da zaton matar tana cinye dukiyar ɗansa, ta nuna masa takardun sayar da kayanta, jikinsa ya yi sanyi. Amma bai fasa abin da ya kawo shi ba. Ya ce yana da 'ya budurwa an yi mata baiko, kuma mijin da za ta aura zai fasa muddin wanta yana zaune da irin wannan mace. Ya roƙe ta ta rabu da Alfredo har abada. Ta gaya masa ba ta da lafiya, kwananta ya kusa ƙarewa, ba ta da kowa a duniya sai wannan yaro. Dattijo ya ce ai kyau ba ya dawwama, zaman da ba aure a cikinsa kuwa wata rana saurayin zai gaji. Daga ƙarshe ta amince, ta roƙe shi ya rungume ta kamar 'yarsa don ta sami ƙarfin hali. Ta rubuta wa Alfredo takardar rabuwa ba tare da faɗin dalili ba, ta koma wurin wani basaraken da ke ɗaukar nauyinta a da.

Alfredo ya bi ta Faris cikin fushi, ya same ta a wata liyafa, ya ci kuɗi a caca, ya tara baƙi duka, ya watsa mata kuɗin a gabansu, wai su shaida ya biya ta abin da ta kashe masa. Ta faɗi sumammiya. A kashi na uku kuma na ƙarshe, muna ganinta a kwance cikin ɗaki kusan ba kowa ba komai, a waje ana bikin gari ana kaɗe-kaɗe. 'Yan kuɗin da suka rage mata ta ce a raba biyu a ba matalauta rabi. Likita ya raɗa wa baranya cewa sauranta 'yan sa'o'i. Dattijo ya riga ya gaya wa ɗansa gaskiya, su biyu suka iso suna neman gafara. Ta ba Alfredo hotonta, ta ce ya ba yarinyar da zai aura wata rana. Ta ji kamar ƙarfi ya dawo mata, ta miƙe tsaye, ta faɗi matacciya. Nan labule ke sauka.

To, yanzu mu zo kan maganar tufafi. Verdi ya so a yi wasan da kayan zamaninsa, wato baƙar kwat da farar riga irin wadda 'yan kallo suka sa suka zo da ita a daren. Ya rubuta wa wani abokinsa cewa labarin zamaninsu ne yake so, kuma ya san wani ba zai taɓa shi ba saboda tsoron tufafi da sauran ƙananan shakku. A lokacin Benis tana ƙarƙashin mulkin Ostiriya, kowane wasa sai ya bi ta hannun masu tacewa. Shekara biyu kafin nan, a 1851, sai da aka mai da sarkin Faransa wani ƙaramin basarake na Mantua kafin a yarda a nuna wasansa Rigoletto a wannan gida. A wannan karo an bar labarin yadda yake, amma mahukuntan gidan suka dage sai an mai da shi baya zuwa wajen shekarar 1700, zamanin Sarki Luwi na 14, a sa wa maza riguna masu leshi. Verdi ya yarda ba da son ransa ba.

Me ya sa suka dage? Ku tuna da kofaton dokin nan da fitilunsa a kunne. Da an bar shi yadda ya so, da attajirin da ke zaune a ɗakinsa na hawa na biyu ya hango irin kwat ɗinsa a jikin mutumin da ke watsa wa mace kuɗi, da matarsa da ke gefensa ta hango, da na ɗakin da ke fuskantarsu su ma sun juyo sun dube shi. Amma da aka mai da labarin baya da shekara ɗari da hamsin, sai ya zama laifin kakannin wasu ne a wata ƙasa. Kowa zai iya yin kuka ya share hawaye ya tafi gida da mutuncinsa. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Leshin nan shi ne tudun da aka gina wa 'yan kallo.

Verdi kuwa ya san ɗacin bakin mutane. Matarsa ta fari da 'ya'yansu biyu sun rasu tsakanin 1838 da 1840. Daga baya ya zauna da wata tsohuwar mawaƙiya, Giuseppina Strepponi, shekaru da dama kafin su ɗaura aure a 1859, kuma mutanen Busseto sun ƙaurace mata, ba gaisuwa ba ziyara. Har sai da ya rubuta wa surukinsa na fari takarda a 1852 yana cewa a gidansa dole a girmama matar nan. Ba mu ce tarihinsa ya rubuta a wasan ba, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ran 6 ga Maris 1853 aka ɗaga labule. Wadda ta fito a Violetta ita ce Fanny Salvini-Donatelli, gwanar murya ce, tana da shekara 38, kuma tana da jiki. A kashi na farko an tafa mata sosai. A na biyu mazan biyu suka kasa, zaure ya fara gunaguni. An ruwaito cewa a na uku, da likita ya ce tarin fuka ya kusa gamawa da ita, mutane suka dubi matar da ke kwance suka fashe da dariya. Kashegari Verdi ya rubuta cewa wasan ya faɗi, ko laifinsa ne ko na mawaƙa, lokaci zai raba gardama. Bai daɗe ba ya raba. Ran 6 ga Mayu 1854, bayan ya yi wa kiɗan 'yan gyare-gyare, aka sake nuna wasan a garin na Benis da wata mawaƙiya siririya mai suna Maria Spezia, mutane suka yi ta kuka. A wane gida? A San Benedetto, wanda masu La Fenice suka rasa a shari'a.

A nan ya kamata mu faɗi gaskiya ko da ba ta taimaki hujjarmu ba. Ba tufafi ne suka kayar da wasan a 1853 ba, domin a 1854 ma da kayan 1700 ɗin aka yi shi, ya kuma karɓu. Da waɗannan kaya ya zaga Turai shekaru masu yawa. Abin da wannan ya nuna mana shi ne mutane suna son labarin ƙwarai muddin an ajiye shi nesa da su. Sa'ad da aka zo aka fara sa wa 'yan wasa kayan zamanin Verdi kuwa, su ma kayan sun riga sun tsufa. Har yau gidajen wasa da yawa suna sa wa Violetta bujen nan mai faɗi kamar lema na 1850, suna cewa suna bin abin da mai wasan ya so. Amma tsakaninmu da 1850 ya fi tsakanin Verdi da 1700 nisa. Wato abin da mahukuntan Benis suka yi da gangan, shi ake maimaitawa yau da sunan biyayya.

Mu koma kan gidan. Daren 29 ga Janairu 1996, an rufe La Fenice ana gyara, sai wuta ta tashi. Abin baƙin ciki, hanyoyin ruwan da ke kewaye da shi an janye ruwansu a lokacin ana yashe su, saboda haka jiragen 'yan kwana-kwana suka sha wuyar isowa, a garin da ke kan ruwa aka rasa ruwan kashe gobara a kusa. Har da jirgi mai saukar ungulu aka yi ta ɗebo ruwa ana zubawa. Ba a rasa rai ba, an kuma tsare gidajen maƙwabta, amma kafin gari ya waye zauren ya zama toka, sai bangayen waje a tsaye. A 2001 kotu ta sami wasu masu aikin wayar lantarki biyu da laifin sa wutar, ta ɗaure ɗaya shekara 7, ɗaya shekara 6. Dalilinsu, kamar yadda kotu ta gano, aikinsu ya makara, suna tsoron tarar da ke cikin kwangila. Garin gyaran gira aka rasa ido.

Magajin garin Benis na lokacin, Massimo Cacciari, ya yi alkawarin za a mai da gidan yadda yake, a inda yake. Wannan kalma tsohuwa ce a bakin mutanen Benis, da ita suka sake gina doguwar hasumiyar dandalin San Marco da ta rushe a 1902. Cika alkawarin bai zo da sauƙi ba. 'Yan kwangila sun yi ta kai juna kotu, shekaru suna wucewa, mawaƙa da makaɗa suna aiki a cikin wani babban tanti a bakin gari. Zanen ginin na Aldo Rossi ne, wanda ya rasu a 1997 bai ga an gama ba. Da aiki ya kankama, masu sana'a kamar 200, masassaƙa da masu zane da masu shafa ruwan zinariya, suka yi kwana 650 a kai, kowane katako da kowane buhun siminti ta jirgin ruwa yake isowa. An kashe kimanin Yuro miliyan 90. Don a gane launin bango da adon rufi, har wani tsohon fim aka koma aka yi ta kallo, mai suna Senso, wanda Luchino Visconti ya yi a 1954, domin an ɗauki farkonsa a cikin zauren. Ran 14 ga Disamba 2003 aka buɗe gidan da kiɗa, Riccardo Muti yana jagora. Wasu sun yi suka, suka ce launin ya cika ƙyalli, sabon abu ne aka yi wa shigar tsoho. Amma mutanen gari sun sami gidansu.

Sai aka zo kan tambayar wace ofera za a fara nunawa a sabon tsohon gida. Aka zaɓi La Traviata, aka kuma koma ga kiɗan 1853, wanda aka yi wa dariya, ba gyararren 1854 ba. A watan Nuwamba na 2004 aka ɗaga labule, Lorin Maazel yana jagorar makaɗa, Patrizia Ciofi ce Violetta, wani mutumin Kanada mai suna Robert Carsen shi ya tsara wasan. Shi kuwa ya sa wa 'yan wasa kayan zamaninmu, ya kuma sa kuɗi a gaba tun daga farko. A kashi na biyu, inda aka saba nuna lambu mai kyau, sai aka ga daji, ganyayen da ke zubowa daga bishiyoyi kuwa takardun kuɗi ne. A kan waɗannan takardu dattijo Germont ya tsaya yana yi wa matar wa'azin mutunci. Bayan shekara 151, a daidai wurin da aka hana Verdi, aka ba shi abin da ya nema. An yi ta maimaita wannan tsari a gidan shekaru da yawa bayan nan.

Wani zai ce ai mutanen nan sun yi baki biyu. Gini sun ce sai an mai da shi yadda yake har ƙusa, labari kuwa sun tuɓe masa tsofaffin kaya. A ganinmu duka biyun daidai suka yi, don aikin gini daban, aikin labari daban. Gini ajiya ce. A cikinsa ake riƙe sana'ar kakanni, da yadda katako ke mai da murya, da tunawa da waɗanda suka zauna a kujerun nan kafin a haife mu. In ka sāke masa kama ka yi asarar abin da ba ya dawowa. Labari irin wannan kuwa madubi ne, amfaninsa mutum ya ga fuskarsa. In ka rataye madubi a inda ba wanda zai ga kansa, ya zama adon bango.

Masu ja da wannan ra'ayi suna da hujja, kuma ba za mu raina ta ba. Suna cewa in ka kawo labarin zamaninmu sai ya yi ta tuntuɓe. Tarin fuka ya sami magani tun shekarun 1940, yau wata shida na shan ƙwayoyi yana warkar da mafi yawan masu shi. Kuma wane saurayi ne a Turai ta yau zai fasa aure saboda halin wan amarya? Amsarmu ita ce duniya ba Turai kaɗai ba ce. Har yanzu tarin fuka yana kashe fiye da mutum miliyan ɗaya a kowace shekara, akasarinsu matalauta. Batun fasa aure saboda abin da wani ɗan gida ya yi kuwa, ba ma jin akwai mai karanta wannan shafi da ke bukatar a yi masa dogon bayani.

Wannan ne ma ya sa wasan yake da nauyi. Verdi bai mai da dattijon nan mugu ba. Ya ba shi waƙa mai taushi, ta uba mai tsoron kada 'yarsa ta wulakanta, kuma duk mai 'ya mace zai gane wannan tsoro. Mu ma ba wanke sana'ar Violetta muka zo yi ba. Abin da muke so a lura da shi shi ne yadda aka raba kuɗin gyaran. Gidan Germont yana bukatar mutunci, sai aka duba wa za a caja, aka sami wadda ba ta da uba ba ta da wa da zai tsaya mata. Alfredo ya ci dukiyarta, ya ci mutuncinta a bainar jama'a, ya yi 'yar tafiya ƙasar waje, ya dawo ana shirin yi masa aure wata rana. Mazan da suka cika falonta a kashi na farko ba ko ɗaya a bakin gadonta a na uku, sai likita da baranya. 'Yar da aka yi duk wannan dominta kuwa ba ta fitowa dandamali ko sau ɗaya, ba a ma faɗi sunanta ba, ba ta kuma san wadda ta biya mata kuɗin aurenta ba. Sunan wasan kansa yana da baki biyu a Italiyanci, yana iya zama wadda ta kauce hanya, yana iya zama wadda aka kautar. Wanda ya ga wasan da leshin 1700 zai tsaya a ma'ana ta farko. Wanda ya ga irin rigarsa a dandamali dole ya tambayi wa ya kautar da ita.

Ko kiɗan ma haka yake yi wa mai sauraro. Tun kafin a ɗaga labule ana fara jin goge can sama, siriri kamar numfashin marar lafiya, sa'an nan shagali ya ɓarke ya rufe shi. A farkon kashi na uku wannan siririn sauti yana dawowa, sai mutum ya gane ashe tun ana rawa aka gaya masa matar tana mutuwa, shi ne bai kula ba. Kuma a cikin wasan da kowa ke waƙa, in ta ɗauko takardar dattijo za ta karanta, sai ta bar waƙa ta yi magana kamar ni da ku, goge yana bin ta a hankali.

Mu da aikinmu ya haɗa da shirya wa yara ɗan wasan kwaikwayo na ƙarshen shekara mun san wannan jaraba ta mahukuntan Benis. In labari ya yi kusa da gida, sai mu naɗa wa yaro rawani, mu ba shi sanda, mu ce a wani gari ne a zamanin da. Iyaye su yi dariya su tafa, kowa ya watse lafiya, washegari ba abin da ya sāke. Muna ba 'yan'uwanmu malamai shawara, ko sau ɗaya a gwada barin yaran da kayan da suka zo da su daga gida, a ga yadda zauren zai yi tsit. Gaskiya ɗaci gare ta, amma ita Verdi ya jira, ko da yake bai ga ranar ba.

Nan za mu dasa aya a wannan wata. Wanda ke da ra'ayi, ko na goyon baya ko na ja, ƙofar wannan fili a buɗe take, ya aiko mana da takarda ta hannun edita. Sai mun sake saduwa a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.